Rumfar Lalle a Kasuwar Baje Koli ta Kaduna

Wanda ya taso daga Zariya ya nufi Kaduna, tafiyar kilomita kamar 80, in ya wuce Jaji da Birnin Yero da Mararraban Jos ya iso Rigacikun, zai ga wani makeken fili da aka kewaye a bakin hanya, tun bai kai Kawo ba. Yawancin watannin shekara ba a ganin wani babban taro a wurin. Amma sau ɗaya a shekara, galibi wajen Fabrairu ko Maris, sai filin ya zama gari guda har kwana goma. Nan ake cin Kasuwar Baje Koli ta Duniya ta Kaduna, wadda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna, watau KADCCIMA, take shiryawa. An ci ta 40 a shekarar 2019. Ta 45 kuwa, wadda aka ci a 2024, a cikinta ne mutanen gidanmu suka kafa rumfar lalle. Labarin rumfar nan muke so mu ba ku, ko ya yi wa wata 'yar'uwa amfani.

Ba abin da ba a kasawa a filin nan. Ga motocin noma da injin niƙa, ga famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, ga bankuna sun shafe rumfunansu da fenti sai ka ce ɗakin amarya. Can gaba mutanen Gana ne da sabulun salo da yadi, mutanen Nijar da takalman fata da kilishi, Indiyawa da Misirawa da turare da kayan ado. Masu maganin gargajiya kuwa ba sai an neme su ba, lasifikarsu za ta same ka duk inda ka tsaya. A cikin dukan wannan hada-hada hajarmu ce mafi ƙanƙanta, gama kular ruwan sanyi guda ɗaya ta ɗauke ta duka.

Masu aikin su uku ne. Akwai uwargida, da ƙanwarta wadda ta koyi zanen fulawa wurin wata maƙwabciyarsu 'yar Shuwa, da kuma Goggo, wadda aikinta kwaɓi ne da tsaron kaya da faɗa. Mu kuwa, da yake ba a raba malamin makaranta da jan biro, sai aka danƙa mana littafin lissafi. Mukan zo ran Jumma'a da yamma in an tashi daga makaranta, mu koma Zariya ran Lahadi, su kuwa suna kwana gidan dangi a Kawo har aka gama.

Mun sani akwai gidajen Kirista inda ake ɗaukar lalle abin waɗansu ne. Mu ba haka muka taso muka gani ba. Kakanninmu mata a ƙasar Zazzau da Kano da Katsina suna cusa hannu cikin zunguru tun Likita Mila bai zauna birnin Zariya ba a 1905, itacen kuma an ambace shi cikin Waƙar Waƙoƙi, sura 1 da sura 4, da sunansa na Ibrananci, kofer. Mai son jin yadda ake sa amarya a lalle a zamanin dā, ya nemi labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa lalle cikin jerin al'adun da duniya ta gada, bisa roƙon ƙasashen Larabawa 16, har da Sudan da Maroko. Babu sunan Nijeriya a cikinsu, abin da ya ɗan sosa mana rai, ko da yake a wannan zama ne aka sa Hawan Sallar Kano.

Kafin a yi maganar rumfa sai a san halin lalle, domin dukan shirin rumfa a kan halinsa yake tafiya. A cikin ganyen akwai wani sinadari da masana suke kira lawson, shi ne yake shiga fata ya manne mata. Ba ya shiga da garaje. In an kwaɓa garin, sai an bar shi sa'o'i ya saki launi. In an zana, sai ya zauna a hannu sa'a huɗu ko shida, in ya kwana ma ya fi. Sa'ad da aka kankare shi kuma ba ja za a gani ba, sai ruwan goro fayau. Iska ce take nunar da shi sannu a hankali, sai bayan kwana biyu sa'an nan ya yi jan nan mai duhu da mata suke so. Ya fi kama tafin hannu da tafin ƙafa, inda fata take da kauri; a bayan hannu da damtse ba ya yin duhu haka. Yakan yi mako ɗaya zuwa uku kafin ya koɗe, na farce kuwa sai farcen ya tsiro an yanke shi.

To, a nan gizo yake saƙar. Kasuwar baje koli wurin masu sauri ne. Macen da ta biya kuɗin mota ta zo, ga yara biyu suna jan zanenta, ga maigida yana duban agogo, ba ta zo domin ta zauna sa'a huɗu ba. Mai sayar da bokiti yakan miƙa bokiti ya karɓi kuɗinsa, an rabu lafiya. Mai lalle kuwa tana karɓar kuɗi ne a kan launin da ba za a gani ba sai jibi, sa'ad da mai hannun ta riga ta koma Kafancan ko Funtuwa.

Abu na fari shi ne wuri. A je ofishin masu shirya kasuwar tun da sauran makonni, a biya, a karɓi rasit, a kuma taka a ga wurin da ido, kada a yarda da na takarda kaɗai. Kada a zauna kusa da masu suya da masu tuya, saboda hayaƙi. Kada a zauna gindin janareta ko lasifika, gama mai zane tana bukatar ta ji abin da mai hannu take faɗa. Layin masu atamfa da turare da kayan kwalliya ya fi, domin nan ne mata suke rage tafiya. Sa'an nan ga maganar iska. A ƙarshen hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa da ƙurarta, ƙura kuwa in ta sauka a kan ɗanyen lalle ta ɓata aiki. Sai muka ba iskar baya, muka toshe wannan gefe da tabarmi. Amma fa wanda ya ba arewa maso gabas baya ya fuskanci ranar yamma ke nan, daidai lokacin da kasuwa take cika. Maganin da aka yi shi ne wani tsohon zanen gado da ake saukewa a gaban rumfa kamar rabin tsayi in rana ta karkata. A ɗaure tampol da igiya mai ƙarfi, a danne ƙafafun rumfa da duwatsu. Muna kallo wata guguwa ta ɗauke laimar wani mai sayar da tabarau, ta kai ta layi na uku.

Cikin rumfar an raba shi biyu da labule. Gaba wurin zanen hannu ne, da kujeru 'yan tsugunno da matashi wanda mai zane take ɗorawa a cinya. Bayan labule wurin ƙafa ne, da kuma matan da ba su so a gan su a fili. Akwai bokitin ruwa da sabulu, kuma ba a fara zane sai an wanke hannu, domin a lokacin sanyi kowa ya sha man shafawa, maiƙo kuwa yana hana lalle kamawa. Sauran tarkacen ba su da yawa: auduga, tsinken sakace na gyaran kuskure, almakashi, salatif, da fitila mai caji domin magariba. Abin da ya fi dukan waɗannan amfani wani dogon benci ne da muka aro daga makaranta. A kansa waɗanda aka gama wa suke zama rabin sa'a, hannuwa a miƙe, har lallen ya sha iska. Benci in ya cika da mata suna hira, shi ne tallar da ta fi kowace, gama masu wucewa sukan tsaya su leƙa, in sun leƙa kuwa rabin ciniki ya faɗa.

Kwaɓi aikin dare ne, aikin Goggo kuma. Garin daga kasuwar Sabon Garin Zariya aka auno shi, sabon niƙa, mai ƙanshin ɗanyen haki. Takan tankaɗe shi sau uku, na ƙarshe da ɗankwali shara-shara, domin zanen fulawa da 'yar leda ake yinsa, wadda aka naɗe kamar mazurari aka bar mata baki kamar kafar allura, tsinken ganye ɗaya kuwa ya isa ya toshe ta. Ta kwaɓa da ruwan lemun tsami, ta zuba sukari. Amfanin sukarin shi ne ya sa kwaɓin ya yi danƙo ya manne, in ba haka ba busasshiyar iskar hunturu takan farfasa zane ya zube tun bai kama ba. Ta rufe ya kwana. Da asuba takan ɗiga kaɗan a tafin hannu, ta goge bayan minti biyar. In ta ga tabon ruwan goro mai haske, ya saki ke nan, sai a ɗura cikin ledoji. Daga nan sai kula da ƙanƙara. Kwaɓaɓɓen lalle ba ya shiri da zafi. Ledar da aka manta a rana tun hantsi, kafin la'asar ta mutu: za ta yi zane mai kyau a ido, amma in an kankare ba kome. Saboda haka biyu biyu ake fitarwa.

Waɗansu za su ce, ina amfanin wannan wahala, ga naɗaɗɗen lalle na kwali daga Indiya da Pakistan a kowane kanti? Gaskiya ne Indiya tana da lalle mai kyau ƙwarai, na garin Sojat a jihar Rajastan ya yi suna a duniya. Amma kwaɓin gaskiya kwanaki kaɗan yake yi ba firji ya lalace. Wanda ya yi watanni a kan kanta, ya ƙetare teku, har yanzu yana kamawa cikin minti goma, an ƙara masa wani abu, ba kullum ake rubuta ko mene ne a jikin kwalin ba. Haka nan masu ɗiga kalanzir ko fetur cikin kwaɓi wai don ya yi ja, su ma ba mu bi su ba.

Bari malami ya ɗan yi lissafi. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma sa'a 8 ke nan, watau minti 480. In kowane hannu ya ci minti 20, mai zane ɗaya za ta yi wa mutum 24. Wannan lissafin allo ne. A filin, safiya ta masu kallon injuna ce da 'yan makaranta da aka kawo cikin layi. Mata ba su fitowa sai rana ta yi sanyi. 'Yan'uwanmu Musulmi kuma, waɗanda su ne yawancin masu zuwa rumfar, ba za su yarda a sa musu ɗanyen lalle ba alhali ga alwala a gabansu, saboda haka sai bayan sallar la'asar suke zama. Ashe ainihin kasuwarmu daga ƙarfe 4 ne zuwa wajen 7, minti 180 kawai. Zanen amarya na hannu biyu har gwiwar hannu zai cinye rubu'in wannan lokaci ko fiye, mutum ɗaya tana zaune, goma suna wucewa. Domin haka ƙanwar uwargida ta ajiye babban littafinta na zane a gida, ko da yake ba da son ranta ba. Aka zaɓi zane 12 kaɗai aka manna a allo, kowanne da kuɗinsa a ƙarƙashi: ƙananan na yatsu da wuyan hannu masu cin minti biyar zuwa bakwai, da matsakaita na bayan hannu masu cin kwata. Mai son na biki sai a ba ta lambar waya, a je a yi mata a gida. Rubuta kuɗi a allo ya rage ciniki ƙwarai, ko da yake ba a raba Bahaushiya da neman ragi.

A karɓi kuɗi kafin a fara zane. Wannan ba rashin yarda ba ne. Macen da hannunta biyu suke jiƙe da lalle ba ta iya buɗe jaka, ba ta iya taɓa waya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa sun saba da tura kuɗi ta waya, shi ya sa muka rubuta lambar asusu da manyan baƙaƙe a jikin allon. Amma in taro ya yi yawa saƙo yakan yi nawa, gara a fara turawa tun ana wanke hannu. Goggo kuwa tana da nata karatun da take yi wa kowa: "'Yata, gyara goyonki tukuna. Ciro kuɗin motarki ki ba yaron nan ya riƙe. In akwai wanda za ki kira, kira shi yanzu."

In zane ya bushe a benci, sai a ɗan dangwala masa ruwan lemun tsami da sukari, a rufe da auduga da salatif domin ya kai gida. Kowace takan tafi da 'yar takarda da muka buga: kada ki wanke, ki bar shi ya kwana in da hali, ki kankare da safe ki shafa man kaɗanya, ki ɗan kauce wa wanki da wanke-wanke yini guda, kada ki tsorata da ruwan goro. Amma takarda ba ta gamsar da mai shakka. Abin da ya gamsar da su hannun Goggo ne. An yi mata zane a hannun hagu kwana biyu kafin a buɗe kasuwa, na dama kuwa ana ƙara masa sabo kowace safiya. In wata ta ce, "Mama, wannan ai bai kama ba," sai Goggo ta miƙa hannu biyu ta ce, "Ga na yau, ga na shekaranjiya. Zaɓi wanda kike so ki jira."

Yanzu mun zo ga maganar da ta fi nauyi. Tun ranar fari tambayar da aka fi yi mana ita ce, "Ba ku da baƙi?" In an ce babu, da yawa sukan yi gaba. Ba su yin nisa kuwa, gama akwai 'yan mata masu yawo da 'yar kwalba, suna zana baƙin lalle a tsaye. Minti ashirin ya bushe, a wanke nan take, ga zane baƙi wuluk ya fito raɗau, ba benci, ba auduga, ba jiran jibi. In don kasuwar masu sauri ne, babu hajar da ta fi wannan dacewa.

Sai dai itacen lalle ba ya ba da baƙi. Abin da ake kira baƙin lalle, ko dayis, galibi rinin gashi ne, mai ɗauke da wani sinadari da ake taƙaita sunansa PPD. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta yarda da shi cikin rinin gashi kaɗai, kada kuma ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa. Ba a yarda a yi zane da shi a fata ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma ta daɗe tana gargaɗi a kansa. Abin da yake yi wa wanda jikinsa ya ƙi shi shi ne ƙaiƙayi, da kumburi, da bororo masu ruwa, suna bin layin zanen daidai, fure inda aka yi fure, ganye inda aka yi ganye. In sun warke sukan bar tabo. Jikin da ya taɓa ƙin sa kuma ya ƙi ke nan har abada, ran da mai shi ta rina gashi, ko bayan shekaru ne, fuska da fatar kai suna iya kumbura har a kwana asibiti. In kuwa yaro ya sha shi, guba ne sosai. Likitocin yara a Khartum sun ba da rahoto a 1992 cewa tsakanin 1984 da 1989 an kawo musu yara 31 da wannan sinadari ya yi wa lahani, 13 daga cikinsu suka rasu. Ku tuna rumfar lalle kullum cike take da yara masu rarrafe.

Abin da ya sa maganar ta shafi masu rumfa a baje koli musamman shi ne lokaci. Ciwon ba kasafai yake fitowa ran da aka yi zanen ba. Yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako biyu ko uku. Kasuwa kwana goma ce. Kafin bororo ya fito an kwance rumfuna, mai zane ta koma garinsu da kuɗinta, ba za ta taɓa ganin hannun nan ba. Mai ƙunshi ta unguwa, in ta ƙona 'yar maƙwabta, gobe uwar yarinya tana ƙofar gidanta. Ta baje koli ba mai zuwa ƙofarta. Domin haka ba mu ce 'yan matan nan mugaye ne ba. Yawancinsu da gaske suke in sun ce ba su taɓa ganin wanda ya ƙone ba.

Mu mun gani. Ran Asabar ta biyu wata Hajiya mai kimanin shekara hamsin ta zauna a bencinmu tana jiran jikarta. Da ta ji ana gardamar baƙi da ja, sai ta janye hannun rigarta ta nuna. A bayan hannunta akwai reshe da furanni uku, sun fi sauran fatar duhu, sumul kamar an zana jiya. Ta ce na bikin ɗanta ne, shekara huɗu ke nan, tun daga lokacin kuma ba ta isa ta kusanci rinin gashi ba. Uwargida ta ce, "Sannu, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi." Ta ce, "Amin, 'yata. Ai ni na ce a yi mini mai saurin." 'Yan matan da suke benci suka yi tsit. Ba mu ɓoye muku ba, ɗaya daga cikinsu tana tashi ta tafi neman mai kwalba.

Ƙanwar uwargida tana da tata hujja, ba kuwa ta banza ba ce. Ta ce yawancin waɗanda ake yi wa baƙi ba abin da yake samunsu, amare nawa ta gani. Ta ce in ba mu yi ba wata za ta yi, mu tashi a tutar babu. Ta ce a riƙa ɗiga kaɗan a gwada tukuna. Amsar da aka ba ta ita ce, gwajin minti goma ba ya nuna ciwon da zai fito bayan mako guda, ɗigon gwajin ma kansa yana iya zama abin da zai sa jiki ya fara ƙin sa. Ba wanda zai dubi hannu ya san wannan za ta ƙone, wannan ba za ta ƙone ba. Uwargida ta ce ita ba za ta karɓi kuɗin mutum a kan caca da fatarsa ba, tun ba ma a wurin da ba za a iya dawowa a same ta ba. A kan haka aka tsaya, amma kowace yamma sai an sāke maganar a hanyar Kawo.

Goggo ce ta tuna mana cewa son baƙin zane ba yau aka fara ba. A ƙuruciyarsu da katambiri da 'ya'yan gauɗe 'yan mata suke yin ɗige-ɗige a fuska ranar kasuwa. Abin sha'awa, a Amurka ta Kudu akwai wani itace da ake kira jaguwa, wanda ruwan ɗanyen 'ya'yansa yake ba da baƙi mai shuɗi-shuɗi a fata, masu zane a Turai suna sayensa da tsada maimakon dayis; masana tsire-tsire kuwa sun sa shi dangi ɗaya da katambiri da gauɗe. Shi ma ba a rasa wanda jikinsa yake ƙi, ba ya kuma fitowa nan take. Da ɗaliban kimiyyarmu na Samaru za su duba katambiri da kyau, wa ya sani ko maganin gardamar nan yana dajinmu.

Jan lalle na gaskiya ma yana da nasa sharaɗi guda, wanda iyaye da yawa ba su taɓa ji ba. Akwai wani rashi a cikin jini da likitoci suke kira G6PD. Gado ne, ya fi bayyana ga 'ya'ya maza, ba kuwa baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Yaron da yake da shi, sinadarin lalle yana iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini, sai a ga idonsa ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya mutu. Ga jarirai abin yakan kai ga hatsari. Da yake ba a gane mai shi da ido, muka rubuta a allo cewa ba a yi wa jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara shida. Iyaye mata sun yi ta roƙo, "Ɗan ɗigo ɗaya dai, Malam, kuka take yi." Uwargida ta sayo kwalin alawa domin irin waɗannan masu kuka, shi ma ya shiga littafinmu a layin abin da aka kashe.

Ga abin da littafin ya nuna. Ranar fari hannu shida aka zana, Goggo ta ce ko kuɗin ƙanƙara ba su fitar ba. Tsakiyar mako kasuwa ta yi sanyi, Jumma'a da yamma ta farfaɗo, Asabar ta biyu kuwa masu zane biyu suka yi wa mutum 31, har ƙanwar uwargida ta kasa miƙe yatsunta da dare. Lahadi biyu ba mu buɗe ba, ko da yake maƙwabtanmu sun ce a ranakun ne aka fi cika. Wannan kowane gida ya shawarta wa kansa tun kafin ya biya kuɗin wuri. Sai a rana ta shida aka mai da kuɗin haya. Da aka cire na mota, wanda ya yi tsada ƙwarai tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da na abinci, da ƙanƙara, da hayar tampol, abin da ya rage bai kai albashin ƙaramin malami na wata guda ba, aka raba uku. Wanda yake tsammani zai sayi keken ɗinki da ribar kwana goma, ya sāke lissafi.

Akwai wani shafi kuma a bayan littafin. Takardun nan da aka rarraba suna ɗauke da lambar wayar uwargida. Tun kasuwa ba ta tashi ba aka fara aiko da hotunan hannuwa, na kwana biyu, sun yi ja kamar gauta. Cikin watanni uku da suka biyo baya an kira su ƙunshin biki sau tara, biyar a Kaduna, uku a Zariya, ɗaya a Saminaka, kowane ɗaya kuwa ya fi cinikin yini guda a filin. Biyu daga cikin amaren sun nace sai baƙi, aka ba su haƙuri, ɗaya ta yarda da ja, ɗaya ta nemi wata.

Masu son gwadawa ba lalle ne su fara da Kaduna ba. Kano ma tana cin tata baje kolin a filin da yake titin Gidan Zu wajen ƙarshen shekara, Jos kuma tana da tata, can kuwa sanyi yana sa lalle ya yi nawa wajen kamawa, sai a ƙara lokacin benci. Ranar wasannin makaranta da kasuwar Kirsimeti ta unguwa sun fi arha, kuma masu zuwa maƙwabta ne waɗanda za a sāke gani. Daren Asabar aka kwance rumfarmu. Sauran ledoji bakwai da ba a taɓa ba aka kai su firjin dangi a Kawo, gama kwaɓin da ya daskare yakan yi watanni da ƙarfinsa. Bencin kuwa a saman mota ya koma Zariya, muka mai da shi aji huɗu tun ba a buga ƙararrawar Litinin ba.